Matar da Aka Bar wa Makullai: Brilliana Harley da Yaƙin Basasar Ingila

A shekarar 1638 wani yaro ɗan shekara 14, Edward Harley, ya bar gidansu a ƙauyen Brampton Bryan da ke yammacin Ingila, daf da iyakar Wales, ya tafi karatu Oxford. Tun daga lokacin mahaifiyarsa, Brilliana Harley, ta kama rubuta masa wasiƙa, ba ta ajiye alƙalami ba sai da ta kwanta ciwon ajali shekara 5 bayan haka. Wasiƙunta fiye da 350 sun tsira har yau, na ɗanta da na mijinta da na wasu, kuma an buga da yawa daga ciki a littafi tun 1854. Duk wanda ya bi su a jere zai ga yadda yaƙin basasa ke shiga gida. Na farkon duk na uwa ne mai ɗa a nesa: ya kiyayi sanyi, ya kula da idonsa, ga magani nan ta haɗa, ga abinci an ba mai kai saƙo, kada ya yi sakaci da ibada, wane littafi yake karantawa. Ned take kiransa. Ana tafe a haka sai labarin Majalisa ya fara cin rabin takarda, sai ƙorafin maƙwabtan da suka canza mata fuska, sai batun bindiga da albarushi ya zo ya zauna kusa da batun riga da takalmi.

Idan ana maganar matan manyan gidaje a yaƙin da aka gwabza tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da Majalisarsa daga 1642, abin da aka fi yayatawa shi ne labarin jarumar da ta hau ganuwa ta kori mazaje. An yi hakan, kuma Brilliana na cikin waɗanda suka yi. Sai dai wannan labarin yana ɓoye abu mafi muhimmanci. Yaƙi bai ba waɗannan mata wani sabon aiki ba. Aikin da suke yi tun da can ne, na riƙe gida da gona da mutane, yaƙi ya ninka shi, ya sa masa jini, ya fito da shi fili.

A dokar Ingila ta wancan zamani, mace idan ta yi aure ta shige ƙarƙashin inuwar mijinta. Kuɗinta da kayanta na hannu sun zama nasa, amfanin filayen da ta zo da su shi ke ci, ba ta ƙulla yarjejeniya da sunanta, ba ta kai ƙara ita kaɗai. Abin da iyayenta kan tsaya su nema mata wajen ɗaurin aure shi ne a ware wani yanki na dukiyar miji da za ta ci idan ya riga ta mutuwa. Wannan a takarda ke nan. A zahiri kuwa, babban mutum rabin shekararsa a Landan yake yin ta, wajen Majalisa ko fada ko kotu, kuma gidan da ya bari a karkara ba ɗaki biyu ba ne. Ƙaramar hukuma ce mai barori da ma'aikata, da manoman da ke hayar gonaki, da garke, da injin niƙa, da ɗakin haɗa magani. Kamar dai uwargida a babban gidan sarauta, wadda makullin rumbu ke ɗaure a bakin zanenta: sunan gida na maigida ne, amma ita ta san abin da ya shiga da abin da ya fita.

Brilliana ta taso da shirin wannan aiki. An haife ta wajen 1598 a garin Brill na ƙasar Holan, inda mahaifinta, Sir Edward Conway, ke riƙe da sansanin sojan Ingila. Shi ne daga baya ya zama sakataren gwamnati aka kuma ba shi sarauta. Ta yi karatu mai zurfi, tana jin Faransanci da Latin. A 1623 aka aurar da ita ga Sir Robert Harley, wanda ya girme ta da kusan shekara 20, ita ce matarsa ta uku bayan biyu sun rasu. Ta haifa masa 'ya'ya 7, maza 3 mata 4. Ba mai ƙoshin lafiya ba ce. Ta sha ɓari, takan yi makonni a kwance, wasu wasiƙun ma wani ta sa ya rubuta tana faɗa masa daga kan gado. Duk da haka daga gadon nan take bin sawun kuɗin haya da cinikin dabbobi, kuma a 1642 har kamun ƙafa ta yi wa Ned wajen manyan gari don ya samu kujerar birnin Hereford a Majalisa, ko da yake bai samu ba.

Rikicin da ya cinye ta ya daɗe yana tsima. Charles ya yi shekara 11, daga 1629 zuwa 1640, yana mulki ba tare da kiran Majalisa ba, yana karɓar haraji ta hanyoyin da mutane da yawa ke ganin haramtattu ne. Shi da babban bishop ɗinsa William Laud suka matsa a mayar da ado da al'adun ibada cikin coci, abin da masu ra'ayin tsarkake addini, waɗanda ake kira 'yan Furitan, suka ɗauka hanya ce ta komawa ɗarikar Katolika. Ga shi kuma matar Sarki, Henrietta Maria, 'yar Katolika ce daga Faransa. Sikotlan ta yi bore a kan littafin addu'ar da aka ƙaƙaba mata a 1637, Ailan ta kama da wuta a 1641, a watan Janairu na 1642 Sarki ya shiga zauren Majalisa da kansa don kama wakilai 5 ya tarar sun sulale. Ranar 22 ga Agusta 1642 ya kafa tutarsa a Nottingham. Shi ke nan, an ja daga.

Gidan Harley 'yan Furitan ne na gaske, kuma suna zaune a gundumar Herefordshire inda kusan duk manyan gidaje ke bayan Sarki. Ruwa ba ya tsami banza, don haka ya kamata a faɗi abin da ya sa maƙwabta suka tsane su. A 1641 Sir Robert ya bi ƙauyukan da ke kewaye da shi yana rushe abin da yake kira gumaka. Ya sa aka farfasa gicciyen dutse na Wigmore, aka fasa tagogin gilashi masu zane na cocin Leintwardine aka zuba a kogi. A 1643 shi Majalisa ta naɗa shugaban kwamitin da ya rushe shahararren gicciyen Cheapside a tsakiyar Landan. Mutanen ƙauye sun ga an lalata abin da kakanninsu suka bari, ba a tambaye su ba. Brilliana ba ta ga laifin wannan ba, murna ta yi. A wasiƙunta ba ta da kalma mai daɗi ga 'yan Katolika, kuma ta yi imani cewa ita da nata su ne tsirarun da Allah ya zaɓa a cikin jama'ar da ta ɓata. Wannan imani shi ya ba ta ƙarfin tsayawa, shi ne kuma ya hana ta fahimtar fushin mutanen da take zaune a cikinsu. Ba zai yiwu a yaba na farkon a rufe ido ga na biyun ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi a labarinta ba ranakun harbi ba ne, shekarar da ta gabace su ce. Mijinta na Landan, Ned ya bi shi, daga baya ya shiga rundunar Majalisa. Ita kaɗai ce da ƙananan yara. A damunar 1642 ta ba Ned labarin cewa a garin Ludlow an kafa sanda an ɗora mata wani abu mai kama da kan mutum, jama'a suka taru suna harbinsa don yi wa magoya bayan Majalisa ba'a. Barorinta suka fara tsoron zuwa kasuwa. Mutanen da ta ci abinci da su, wasunsu dangi ne na jini ko na aure, suka juya mata baya. Daga nan aka hana manoma biyanta kuɗin haya, aka kora dawakinta, aka kama wasu daga cikin ma'aikatanta. Babban gida kuwa da kuɗin haya yake numfashi. In an tare shi, ba albashin barori, ba sayen hatsi, kuma a wasiƙunta ta fahimci dabarar sarai: so ake a talauta ta har ta sallami mazan da ke gidan, sannan a shigo a yi yadda aka ga dama.

Gaba kura, baya sayaki. In ta kwashi yara ta gudu Landan, ta bar wa abokan gaba duk abin da mijinta ya mallaka, da gadon 'ya'yanta. In ta zauna, ta sa ransu a bakin bindiga. Ta sha tambayar mijinta abin da yake so ta yi, ta kan kuma roƙi Ned ya tambayar mata shi. Ta zauna. Ta aika da kayan azurfar gidan Landan don tallafa wa Majalisa, ta sa aka kawo mata bindigogi da albarushi a ɓoye, ta sa aka narka dalma aka yi harsashi, aka gyara ganuwa, aka tara abinci. Da ta ga ana tare wasiƙu a hanya, sai ta koma rubutun sirri, kuma dabarar tata mai sauƙi ce. Akwai wata takarda da aka huda wa ramuka, ita tana da ɗaya, Ned na da irinta. Sai ta ɗora ta a kan farar takarda, ta rubuta ainihin saƙon a cikin ramukan, ta ɗauke, sannan ta cike sauran wurin da kalmomin da ba su da wata ma'ana. Wanda ya tare wasiƙar shirme zai gani. Ned kuwa in ya ɗora tasa takardar a kai, sai maganar uwarsa ta fito.

A watan Maris na 1643 Fitzwilliam Coningsby, wanda ke riƙe da Hereford a madadin Sarki, ya aiko mata cewa ta miƙa gidan. Ta ƙi. Ranar 26 ga Yuli sojoji wajen 700 ƙarƙashin Sir William Vavasour suka yi wa gidan zobe. A ciki mutum kamar 100 ne, rabinsu ne kawai ke riƙe da bindiga, saura mata ne da yara da mutanen ƙauye masu ra'ayinta da suka fake wurinta. Ba janar take da shi ba. Likitanta take da shi, Nathaniel Wright, da wani sajan mai suna Hackluyt da ya taɓa yaƙi a Jamus. Gidan kansa tsohon gini ne na dutse mai ganuwa da ƙaƙƙarfar ƙofa, wanda aka gina tun zamanin da ake fama da hare-hare daga Wales.

Kusan mako 7 aka yi. Maharan suka girka igwa a cocin ƙauyen da ke daf da gidan suna lugude, har rufin ya lalace ruwan sama na zuba a ɗakuna. Aka harbe mai dafa abincin gidan ya mutu, na ciki suka ce harsashin mai guba ne. Wasu mata suka ji rauni. Aka kora shanu da tumaki. Cocin, da gidan limaminsa, da injin niƙa, da gidajen ƙauyen, wuta ta cinye su. Wani hafsa da ke cikin gidan, Priamus Davies, wanda ya rubuta labarin abin da ya gani, ya ce zagi da batsar da sojojin ke kwararo mata daga ramukansu sun dame ta ƙwarai.

Amma ba bindiga ce ta fi yi mata aiki ba, alƙalami ne. Tun ranar farko ta shiga musayar wasiƙu da shugabannin maharan, kuma hujjar da ta riƙe ita ce abin lura a duk wannan labari. Cewa take: mijina ya ba ni amanar gidansa da 'ya'yansa, ba ni da ikon in ba da abin da ba nawa ba sai da izininsa. Ta ƙara da cewa Sarki da bakinsa ya sha alkawarin kare doka da dukiyar talakawansa, don haka ba ta yarda shi ne zai ba da umarnin a ƙwace gidan mace ba. Dubi yadda ta juya abin. Dokar da ta ce mace ba ta mallaki komai ba, ita ta mayar garkuwa. Mazan da suka kewaye ta duk sun yi imani da cewa wajibi ne mace ta bi mijinta, to da wane baki za su ce mata ta saɓa masa? Kuma ba na jin wayo ne kawai. Ta yarda da abin da take faɗa har zuciya, shi ya sa maganar ta yi nauyi. A ƙarshen Agusta Sarki da kansa ya aiko mata da wasiƙa daga sansaninsa a bakin birnin Gloucester ta hannun Sir John Scudamore. Ta amsa da ladabi, ta rubuta takardar koke zuwa ga Sarki, ta nemi lokaci, aka tsagaita wuta ana kai da komo. Kowace rana da aka ɓata ana magana riba ce gare ta. A farkon Satumba rundunar Majalisa ta iso ta ceci Gloucester, aka buƙaci sojojin Sarki a wani wuri, ranar 9 ga wata waɗanda suka kewaye Brampton Bryan suka naɗe kayansu.

Ba ita kaɗai ba ce, kuma yawancin takwarorinta a ɗaya ɓangaren suke. A watan Mayun 1643 Blanche Arundell, tsohuwa mai kimanin shekara 60, ta riƙe gidan Wardour da maza wajen 25 kacal a gaban rundunar Majalisa mai fiye da mutum 1,000, ta yi kusan mako kafin ta sallama, kuma yarjejeniyar da aka yi da ita ba a cika ta ba, an washe gidan. A Corfe da ke Dorset, Mary Bankes da 'ya'yanta mata da kuyanginta suka riƙa jefa duwatsu da garwashin wuta a kan masu hawa tsani. Gidan bai faɗi ba sai a 1646, shi ma cin amana aka yi daga ciki. A Lathom da ke Lancashire, Charlotte de la Trémoille, matar mai sarautar Derby, ta jure ƙawanya daga Fabrairu zuwa Mayu na 1644 har Yarima Rupert na ɓangaren Sarki ya kawo ɗauki. Ita ma ta ja lokaci da shawarwari, ita ma ta kafa hujja da amanar mijinta da ta Sarkinta. Addini daban, siyasa daban, amma maganar bakinsu kusan ɗaya ce.

Matsayinsu ya kare su, wannan ma sai a faɗa. Babban hafsa yana jin kunyar a ce ya kashe matar basarake, shi ya sa ake rubuta mata wasiƙa da lafazin girmamawa, a yi mata tayin rakiya ta fita lafiya. Wannan alfarmar ba ta kai ga matar manomin da aka ƙona wa gida a Brampton Bryan ba. A daidai makonnin da Brilliana ke musayar takardu da manya, a watan Agusta na 1643, matan Landan talakawa suka taru a ƙofar Majalisa da farin ƙyalle a huluna suna neman a yi sulhu, aka sako musu sojan doki, aka kashe wasu. Masana tarihi na ƙiyasta cewa a Ingila da Wales kaɗai mutum wajen 180,000 ne suka mutu a waɗannan yaƙe-yaƙe, ta makami da ta cuta, a ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan 5 da wani abu ba. Mun san Brilliana ne saboda ta iya rubutu kuma zuriyarta na da ɗakin ajiye takardu. Gwaurayen da aka bari da marayu a ƙauyuka, in an ji muryarsu, to a takardun roƙon tallafi ne da suka kai wa alƙalan gunduma.

Da maharan suka tafi ba ta huta ba. Ta sa aka rushe ramuka da tudun ƙasar da suka gina, ta shiga neman abinci don ta san za su dawo, ta tura maza 40 suka kai samame sansanin sojan Sarki a garin Knighton, suka dawo da makamai da dawaki. Matar da a baya take kwana da tsoron abin da maƙwabta za su yi, yanzu ita ke aika mayaƙa. Har da tilasta wa manoma biyan bashin haya. Sai jiki ya ƙi. A wasiƙarta ta ƙarshe ga Ned, ranar 9 ga Oktoba, ta ce ana sake yi mata barazana, kuma mura mai tsanani ta kama ta. A ƙarshen watan ta rasu, tana da kimanin shekara 45. Ba harsashi ya kashe ta ba, amma kusan mako 7 a ɗaki mai yoyo cike da mutane, ga mace mai raunin jiki, ba sai an nemi wani dalili da nisa ba.

Abin da ta kare bai daɗe a bayanta ba. A watan Maris na 1644 Sir Michael Woodhouse ya ci gidan Hopton da ke kusa, aka karkashe sojojin da ke ciki, wajen mutum 30, bayan sun ajiye makamai. Wasunsu daga Brampton Bryan aka tura su. Daga nan ya juyo kan gidan Harley. Likita Wright ya riƙe na mako 3, a watan Afrilu ya sallama. Aka tafi da ƙananan 'ya'yanta 3 a matsayin fursunoni, aka washe gidan aka lalata shi. Daga baya aka ƙiyasta asarar Sir Robert ta kai kusan fam 13,000.

Matan da suka hau ganuwa kaɗan ne. Yaƙin da ya fi shafar yawancin matan manyan gidaje a ofis aka yi shi. Daga 1643 Majalisa ta kafa doka ta riƙe dukiyar duk wanda ya taimaki Sarki, kwamitocin gunduma na karɓar kuɗin hayarsa. An yarda a ba matarsa da 'ya'yansa har kashi ɗaya cikin biyar na abin da dukiyar ke kawowa, amma sai ta je ta nema. Wanda kuma ke son a sakar masa dukiyarsa sai ya biya tara a gaban wani kwamiti da ke zama a Goldsmiths' Hall a Landan. Miji yana gudun hijira, ko yana kurkuku, ko in ya shigo gari a kama shi. Saboda haka mace ce ke zuwa, ta kwana a ɗakin haya, ta yi sammako ta tsaya a baranda, ta bi 'yan kwamiti da matansu da gaisuwa da kyauta, ta ci bashi, ta haddace lissafin gonaki.

Mary Verney misali ce mai ciwo. Gidan su Verney yaƙin ya tsaga shi biyu: surukinta Sir Edmund shi ya riƙe tutar Sarki a yaƙin Edgehill na Oktoba 1642, a can aka kashe shi, mijinta Ralph kuwa yana ɓangaren Majalisa. Daga baya Ralph ya ƙi sa hannu a rantsuwar addini da Majalisa ta tilasta, ya gudu Faransa, Majalisar da yake goya wa baya ta riƙe dukiyarsa. Wani likita ɗan'uwansu ya ba shi shawarar ya turo matarsa, yana mai cewa a wannan zamani mata sun fi kowa iya bin irin wannan magana. A ƙarshen 1646 Mary ta tsallako teku da ciki. Ta yi fiye da shekara tana zirga-zirga, ta haihu a Landan, jaririn ya mutu, 'yarta da ta bari a Faransa ita ma ta mutu a daidai wannan lokaci. A watan Janairu na 1648 aka saki dukiyar. Ta koma wurin mijinta, ta rasu a 1650 tana da shekara 34. Margaret Cavendish, wadda daga baya ta shahara da rubuce-rubuce, ta zo a 1651 neman nata kason aka hana ta, wai ai ta auri mijinta ne bayan an riga an ayyana shi mai laifi.

Akwai kuma waɗanda ciwonsu ba na dukiya ba ne. Susan Feilding, matar mai sarautar Denbigh, mijinta na yaƙi wa Sarki, ɗanta Basil na yaƙi wa Majalisa, kuma dukansu biyu sun tsaya a filin Edgehill suna fuskantar juna. Ta yi ta rubuta wa ɗan tana roƙonsa ya dawo. A 1643 mijin ya mutu sakamakon raunin da ya samu a Birmingham, ta sake rubuta wa ɗan cewa ya bar mutanen da suka kashe ubansa. Bai bari ba. A wannan fanni Brilliana ta yi sa'a, ita da mijinta da ɗanta bakinsu ɗaya.

Shin duk wannan ya canza matsayin mace a Ingila? A doka, a'a. Da aka mayar da sarauta a 1660, bayan shekarun da aka yi babu Sarki, mazan da suka tsira suka koma kujerunsu, matan suka koma yin aikin ba tare da suna ba, kuma matar aure ba ta samu ikon mallakar dukiyarta da kanta ba sai da dokokin 1870 da 1882. Brilliana ma ba wannan take nema ba. Da an ce mata tana fafutukar 'yancin mata da ba ta gane maganar ba. Abin da yaƙin ya bari shi ne shaida a rubuce. Saboda an raba mata da mazajensu tilas suka yi ta rubutu, kuma bayan ƙura ta lafa wasu suka zauna suka rubuta tarihin abin da suka gani don 'ya'yansu: Lucy Hutchinson daga ɓangaren Majalisa, Ann Fanshawe daga ɓangaren Sarki, wadda ta ba da labarin yadda ta tashi daga gidan daula ta koma kwana a ɗakin saman gidan mai gashin burodi a Oxford.

Ɓangaren da Brilliana ta mutu tana karewa shi ya ci yaƙin, amma bai riƙe iyalinta da kyau ba. Sir Robert da Ned suna cikin masu son a sasanta da Sarki. A watan Disamba na 1648 sojoji suka tsaya a ƙofar Majalisa suka hana irinsu shiga, aka tsare su biyun. Da aka fille wa Charles kai ranar 30 ga Janairu 1649, Sir Robert, wanda ke shugabantar gidan buga kuɗi, ya ƙi buga sulallan sabuwar gwamnati, aka karɓe muƙamin. Ya sake gina cocin ƙauyen a 1656, shekarar da ya rasu. Ned bai gyara tsohon gidan ba, sabo ya gina a gefensa, kuma ɗansa Robert Harley shi ne ya zama babban ministan Sarauniya Anne daga 1711 zuwa 1714.